Limfoma a mataki na huɗu: nazarin jinyar wani uba da yadda iyalinsa suka ɗauke ta

Mutumin da wannan nazari ya shafa tsohon malamin firamare ne ɗan shekara 63, mazaunin wani gari a kudancin jihar Katsina. Yana hedimasta ya yi ritaya, ya koma noman masara da waken suya. Matarsa ɗaya, 'ya'yansa bakwai. Iyalin sun amince a rubuta labarin bisa sharaɗin a sakaya sunaye, don haka zan kira shi Baba, matarsa kuma Inna, kamar yadda 'ya'yan ke kiransu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, maƙwabciyar 'yarsa ta uku wadda nauyin jinyar ya fi faɗawa a kanta, ta nan na bi lamarin daga farko.

Abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi ne, shi kansa ciwon, wato limfoma, wani nau'in sankara, bai kai ga raba Baba da magani ba, kuɗi ma da kyar suka kusa. Abin da ya tsayar da maganin a tsakiya shi ne shawarar da 'ya'yansa suka yanke, saboda ƙauna da tausayi, cewa kada a gaya masa abin da ke damunsa.

Wata biyar kafin a san ciwon

Bayan Babbar Sallar 2023 ya ji wani ƙullutu a gefen wuyansa na hagu. Ba ya zafi, ba ya ja. Ya ɗauka kaluluwa ce irin wadda ke fitowa idan haƙori na ciwo. Amma kaluluwar ciwo tana zafi in an taɓa, kuma cikin mako biyu ko uku ta sace. Wannan sai ƙaruwa take. Daga nan zazzaɓin yamma ya shigo, sai zufa da dare har Inna ta tashi ta canja zanen gado, sai rama. Waɗannan ukun, wato zazzaɓi da ya kai maki 38 ba tare da sanadi ba, zufar dare mai jiƙa tufafi, da zubar kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki a wata shida, likitoci suna ɗaukarsu da muhimmanci ƙwarai idan suka haɗu da kumburin kaluluwa.

Kemis ya fara zuwa, kamar kowa. Aka yi masa allurar zazzaɓi, aka haɗa masa da wasu ƙananan ƙwayoyi farare. Cikin kwana kaɗan ƙullutun ya ragu, gida ya yi murna. Daga baya da aka duba kwalin sai aka ga prednisolone ne. Wannan magani yana narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, shi ya sa ma yana cikin magungunan da ake haɗawa a yi maganinta. Idan aka sha shi shi kaɗai kafin a yi gwaji, kumburin yakan lafa ya dawo, kuma yakan rikita abin da mai duba tsoka zai gani. Duk wanda ya ga ana bai wa mai kumburin wuya wannan magani ba tare da an san sanadin kumburin ba, ya hana.

Da ya dawo, aka je wani babban asibiti. Nan aka yi zargin tarin fuka na kaluluwa. Ban ga laifin wannan zargi ba, domin tarin fuka ya fi limfoma yawa a wurinmu nesa ba kusa ba, kuma alamominsu kusan ɗaya ne. Gwajin majina bai nuna komai ba, amma aka ɗora shi a kan maganin don a gani. Inda aka yi jinkiri shi ne bayan wata biyu, lokacin da ya kamata a ce an ga sauƙi. Maimakon sauƙi sai wani ƙullutun ya fito a hammata, ga shi loma kaɗan zai yi ya ce ya ƙoshi, saboda saifarsa ta kumbura tana danne ciki. Wani matashin likita ne ya ce a dakata haka, a yanki tsoka a gwada.

A nan gida ya rabu biyu. Ƙanen Baba, wanda yaran ke kira Baffa, ya ce in dai daji ake tsoro to kada a kuskura, daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai bazu. Wannan magana ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa, kuma na fahimci inda ta samo asali: mutane da yawa sai ciwo ya ci jiki ake kai su, a yanka, bayan mako kaɗan su rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. A limfoma babu wata hanyar sanin nau'in ciwo sai an duba tsokar, kuma nau'in ne ke faɗin maganin. Zuƙo ruwa da siririyar allura ma sau da yawa ba ya isa, gara a cire kaluluwa guda sukutum domin mai dubawa ya ga yadda tsarin cikinta ya lalace. Haka aka yi a watan Nuwamba, a wani asibitin koyarwa, aka kashe wurin da allura aka cire ta hammata, ya koma gida a ranar. Aka ƙara biyan kuɗin wani gwaji na musamman da ke tantance irin ƙwayar, sakamako bai fito ba sai Disamba.

Limfoma sankara ce ta wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu aikin garkuwar jiki, waɗanda ke zaune a kaluluwa da saifa da ɓargo. Gida biyu ce: mai sunan Thomas Hodgkin, likitan Landan da ya bayyana ta a 1832, da sauran da ba ita ba, masu nau'o'i da dama. A cikinsu har da wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda asibitocinmu suka sani sarai. Ta Baba ita ce mai manyan ƙwayoyin B, wadda likitoci ke taƙaitawa da DLBCL, kuma ita ta fi yawa a tsakanin manya. Tana saurin girma, in an bar ta ba magani watanni take ɗauka ta kashe. Saurin nan kuma shi ne ya sa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ke kama ta da kyau.

Abin da ake nufi da mataki na huɗu

Aka yi hoton CT na ƙirji da ciki, aka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu ta baya, aka gwada jini. Kaluluwa ta kumbura a wuya da hammata da cikin ciki, saifa ta girma, kuma an sami ciwon a ɓargo. Likitan jini ya rubuta mataki na huɗu. Takardar ta fara shiga hannun babban ɗan, ma'aikacin gwamnati a Abuja. Daren nan ya kwana yana bincike a waya, kuma yawancin abin da ya karanta kan mataki na huɗu na sankarar huhu ne da ta hanta da ta mama. Da asuba ya kira ƙannensa ya ce, "Sai dai addu'a. Kada wanda ya gaya wa Baba, kada wanda ya gaya wa Inna."

Kuskuren fahimta ne, kuma kuskure ne da kusan kowane gida ke yi. Tsarin matakan limfoma, wanda aka tsayar a Ann Arbor ta Amurka a 1971 aka sabunta a 2014, yana faɗin inda ciwon yake ne kawai. Mataki na ɗaya wuri guda. Na biyu wurare biyu ko fiye amma duk a gefe ɗaya na tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Na uku sama da ƙasa. Na huɗu ya shiga wata gaɓa kamar ɓargo ko hanta ko huhu. A sankarar da ke farawa a gaɓa guda, in ta bazu yawanci an wuce batun warkewa. Su kuwa ƙwayoyin da limfoma ke fitowa daga cikinsu dama yawo suke a jiki tun asali, don haka samunta a wurare da yawa ba abin mamaki ba ne, kuma maganin ma ta jini yake bi ya kai ko'ina. A irin ta Baba, ko a mataki na huɗu, niyyar likita warkarwa ce.

Wannan ba yana nufin abin da sauƙi ba. Inda magani ya wadata kuma ana yin sa a kan lokaci, kusan mutum shida cikin goma masu wannan nau'i suna warkewa. Don a san inda mutum ya faɗa, tun 1993 likitoci ke duba abu biyar: ko ya haura shekara 60, ko yana mataki na uku ko na huɗu, ko wani sinadarin jini mai suna LDH ya hau, ko ciwon ya kwantar da shi, da kuma ko ya shiga gaɓa fiye da ɗaya a wajen kaluluwa. Baba yana da uku: shekaru, mataki, da LDH. Yana tafiya da ƙafarsa, kuma ɓargo kaɗai ya shiga. Likitan ya faɗa wa 'ya'yan cewa masu irin wannan lissafi kamar rabinsu ne ke tsallakewa a inda komai ya cika, kuma a wurinmu abin yakan yi ƙasa da haka saboda zuwa a makare, katsewar magani, da cututtukan da ke shigowa lokacin da garkuwa ta faɗi. Na farkon ya riga ya faru. Biyun ƙarshe suna hannun iyali.

Kafin a fara aka duba zuciyarsa, domin ɗaya daga cikin magungunan yana iya raunana ta. Aka gwada HIV ba a samu ba. Aka gwada ciwon hanta nau'in B aka samu, bai taɓa sani ba. Wannan gwajin bai kamata a tsallake shi ba, domin rituximab, ɗaya daga cikin magungunan da za a ba shi, na iya tayar da ƙwayar da ke kwance har hanta ta lalace. Aka ɗora shi a kan tenofovir, maganin danne ƙwayar ciwon hantar, aka ce sauran gidan ma su je a gwada su.

Zagaye biyu cikin ɓoyo

Maganin sunansa R-CHOP, haɗin abu biyar: rituximab, cyclophosphamide, doxorubicin, vincristine da prednisolone. Huɗun farko ta jijiya ake ba su a rana ɗaya, na biyar ƙwaya ce ta kwana biyar. Ana maimaitawa duk bayan kwana 21, sau shida. An fara a tsakiyar Janairun 2024. Abin da aka gaya wa Baba shi ne jininsa ne ya sami matsala, za a riƙa yi masa ƙarin ruwa mai ƙarfi.

Ranar farko ta yi tsawo, domin rituximab a hankali ake sakinsa karon farko saboda yakan kawo rawar sanyi. Ya kawo kuwa, aka tsayar, aka ba shi magani, aka ci gaba. Da ma an fara ba shi allopurinol, an ce ya yi ta shan ruwa, saboda idan ƙwayoyin ciwon suka mutu da yawa lokaci guda dattinsu na iya toshe ƙoda. Da yamma ya ga fitsarinsa ya yi ja, hankalinsa ya tashi, sai da aka bayyana masa launin doxorubicin ne, kwana ɗaya ko biyu zai wuce. A mako na uku gashin kai da gemu suka fara zuba. Kumburin wuya kuwa kafin kwana goma ya ragu da fiye da rabi, bayan zagaye na biyu sai an lalubo ake jin sa.

Da lokacin na uku ya yi a ƙarshen Fabrairu, Baba ya ce ba za shi ba. "Alhamdu lillahi na samu sauƙi. Ruwan nan ya isa haka. Kuɗin ku biya wa yara makaranta." Baffa ya goyi bayansa, ya kawo wani mai maganin gargajiya da jarkoki biyu na jiƙo. 'Ya'yan suka rasa ta cewa. Ba za su iya ce masa tsayawa na da haɗari ba tare da sun faɗi haɗarin mene ne ba. Babban ɗan kuwa ɗan fari ne, akwai alkunya tsakaninsa da mahaifinsa, ko sunansa Baba ba ya kira, balle su zauna su yi maganar mutuwa da rayuwa. Mako uku suka wuce a haka. Lafawar kumburi bayan zagaye ɗaya ko biyu ita ce inda gidaje da yawa ke yanke magani, kuma ciwon da ya dawo bayan an yanke yakan fi na farko taurin kai.

'Yar ta uku ce ta karya shirun. Ba ta tunkari Baba ba, ta je wurin amininsa tun suna kwalejin horon malamai, wanda yanzu shi ne limamin unguwarsu, ta faɗa masa komai. Liman ya ce wannan ba abin ɓoye wa mai shi ba ne, mutum yana da haƙƙin ya san halin da yake ciki ko don ya shirya tsakaninsa da Ubangijinsa da kuma mutane. Shi ya lallashi Baba ya koma asibiti, ya kuma raka shi.

Likitan bai fara da sunan ciwo ba. Ya ce, "Baba, me ka fahimta game da abin da ke damunka, kuma nawa kake so in faɗa maka?" Baba ya ce tun zagayen farko ya karanta abin da aka rubuta a bayan fayil ɗinsa, shekara talatin da biyar yana koyarwa, Turancin bai fi ƙarfinsa ba. Ya kuma ga waɗanda ke zaune kusa da shi a ɗakin. Da ya ga yaran sun ɓoye, sai ya yanke cewa tabbas likita ya ce musu ba fata, in da akwai ai da sun faɗa. "To in babu fata, Likita, don me zan cinye abin da zan bar musu?"

Wannan ita ce illar ɓoyewa da masu ɓoyewa ba sa hangowa. Mara lafiya ba ya zama babu tunani. Yana cike gurbin da aka bar masa da mafi munin abin da zai iya zato, kuma a kan wannan zaton yake yanke shawara, shi kaɗai, ba mai gyara masa. Ban ce kowane dattijo sai an zayyana masa alƙaluma ba. Akwai wanda zai ce ku yi magana da ɗana, ni ku dai yi min magani, kuma wannan ma zaɓinsa ne da za a girmama. Amma shi za a tambaya.

Likitan ya yi masa bayanin matakan da damar da yake da ita, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ce masa kumburin da ya ɓace kamar noman farko ne, ciyawa ta kwanta a sama amma saiwa na ƙasa, in ba a yi maimai ba ruwa ɗaya zai tayar da ita. Baba ya yi tambaya uku: saura nawa, nawa ne kuɗin, kuma jinkirin da aka yi ya ɓata komai ko da saura. Aka ce masa jinkirin ba alheri ba ne amma da saura. Game da jiƙon, likitan ya ce addu'a da tofi da zuma ba ya hana kowa, amma abin sha da ba a san me ke ciki ba, ga hanta mai ɗauke da ciwo, ga kemo, a ajiye shi.

Lissafin kuɗi

Daga ranar Baba ya karɓi ragamar jinyarsa. Ya sa aka sayo masa littafi mai layi, ya rubuta ranakun zagaye huɗun da suka rage da abin da kowanne zai ci. A lokacin ne ya san cewa babban ɗansa ya ƙarar da ajiyarsa a zagaye biyun farko har ya ci bashi.

Tsadar kusan duk a rituximab take. Shi ne maganin da ke neman wata alama mai suna CD20 a jikin ƙwayoyin B, an amince da shi a Amurka a 1997, kuma binciken da aka buga daga Faransa a 2002 kan masu shekara 60 zuwa 80 ya nuna ƙara shi a kan CHOP, wato sauran magunguna huɗun, yana ƙara yawan masu rayuwa. Ana auna shi da girman jiki, miligiram 375 a kowace murabba'in mita, don haka Baba yana buƙatar babbar kwalba ta 500 da ƙarama ta 100 a kowane zagaye. Ko samfurin Indiya mai rangwame, kuɗin zagaye ɗaya ya ninka fanshonsa na wata sau da yawa. Ga shi jinyar ta faɗo bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023, farashin duk maganin da ake shigowa da shi yana hawa tsakanin wannan zagaye da na gaba. Asusun tallafin masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara, don haka ba su dogara da shi ba.

Shawarar da likitan ya bayar ita ce a fara tanadin kuɗin CHOP na duk zagayen da suka rage, da gwaje-gwaje da kuɗin mota, a ware su gefe. Abin da ya saura a sayi rituximab da shi. Gara a yi shida a kan lokaci wani babu rituximab, da a yi uku cikakku a tsaya. Baba ya ce a sayar da shanun huɗa biyu da gonar fadama. Gida kuwa ya ce ko da wasa, nan Inna za ta zauna. Tsofaffin ɗalibansa da suka ji labari, tunda yanzu ba sirri ba ne, suka haɗa abin da ya sayi kwalaben zagaye guda. A ƙarshe ya samu rituximab a biyar cikin shida. A wannan makon ne kuma ya rubuta wasiyya, da waɗanda yake bi da waɗanda ke bin sa, ya ba Liman ajiya. 'Ya'yan sun yi kuka da suka ji, shi kuwa ya ce tun da ya rubuta barcinsa ya gyaru.

Maganin yana son sanyi tsakanin maki 2 zuwa 8, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan jabun magungunan sankara. Saboda haka ba su saye shi a kasuwa ba duk da an yi musu tayin mai araha. Ranar da za a yi amfani da shi suke karɓa a cikin kula mai ƙanƙara, su miƙa kai tsaye.

Azumi, 'yan dubiya, da daren zazzaɓi

Zagaye na uku ya faɗo a makon farko na azumin 2024, wanda aka fara ranar 11 ga Maris. Baba ya so ya yi azumi, tun balagarsa bai taɓa sha ba. Likita ya ce jikinsa na buƙatar ruwa da yawa don kare ƙoda da mafitsara, ga prednisolone da ake sha da safe bayan an ci abinci. Liman ya tuna masa rangwamen da Allah ya yi wa mara lafiya, ya sha ya rama in ya samu lafiya. Ya karɓa, amma 'yarsa ta ce wannan ya fi zubar gemunsa yi masa ciwo. Ya riƙa cin abincinsa a ɗaki don kada jikoki su gani.

Dubiya ma ta zama matsala. Tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa ƙasa, murar da ba za ta kwantar da kowa ba tana iya kai mai kemo ga halaka. Ga shi ɗakin Baba ba ya rabuwa da mutane, kowa sai ya miƙa hannu. Da 'yar ta fara tsayar da mutane a zaure, Gwaggo ta yi fushi ta ce yaushe aka fara hana ta ganin ɗan'uwanta. Baba ne ya warware da kansa. Ya sa Liman ya sanar a masallaci cewa a wannan makon a yi masa addu'a daga nesa, mako na uku ƙofa a buɗe take. Aka ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Da maganar ta fito daga bakinsa ba wanda ya ƙara jin haushi.

Duk da haka a dare na goma bayan zagaye na uku jikinsa ya yi zafi, yana rawar ɗari. 'Yar ta sa ma'aunin zafi ya nuna 38.7. Ƙanenta ya ce maleriya ce, a ba shi farasitamol da maganin zazzaɓi a bari gari ya waye, ga dare ga hanya. Ta ce, "A'a, likita ya ce in ya kai 38 ko ƙarfe nawa ne a taho." Ta buga min ƙofa, na ce ta yi gaskiya, kada ma a ba shi farasitamol ya rufe zafin. Suka isa asibiti bayan ƙarfe ɗaya. Aka ɗebi jini, aka fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ba tare da jiran sakamako ba. An gwada maleriyar ma, babu. Fararen ƙwayoyinsa sun kusa ƙarewa. Ya yi kwana biyar a kwance. Da an jira safiya, a ganina, da wuya a ce ga yadda za ta kaya, domin irin wannan zazzaɓi cikin sa'o'i yake shiga jini. Daga nan aka ƙara masa allurar filgrastim bayan kowane zagaye don ta tayar da ƙwayoyin, wani kuɗin kuma da ba ya cikin littafi. Sukarinsa ma ya riƙa hawa a kwanakin prednisolone, aka riƙa aunawa.

Masu jinyar

Ba a cika tambayar lafiyar mai jinya ba. 'Yar nan tana da yara huɗu da sana'ar ɗinki, ta rufe keken wata biyar, ɗinkin Sallah ma ba ta karɓa ba. Yayanta na turo kuɗi daga Abuja yana kiran waya yana tambayar me ya sa ba a yi kaza ba, ita kuma tana ganin wanda bai taɓa wanke kwanon amai ba bai isa ya yi mata faɗa ba. Shi ma yana can bashi ya hana shi barci, bai faɗa wa kowa ba. Sun yi kwanaki ba sa magana. Abin da ya rage zafin shi ne raba aiki da suna: wane zai raka zagaye na huɗu, wace za ta kwana a na biyar, wa zai riƙe rasit. Yayan ya ɗauki hutu ya zo ya yi zagaye na biyar da kansa, bayan nan salon maganarsa a waya ya canja.

Wadda aka fi zalunta da shirun ita ce Inna. Ita ke wanke zanen da ya jiƙe da zufa, ita ke tsince gashi a kan matashi, amma ita ce ta ƙarshen ji. An ce hawan jininta zai tashi. Da aka zaunar da ita aka yi mata bayani, abin da ta fara tambaya shi ne ko ana ɗauka, domin wata biyu ke nan tana ware wa Malam kwanonsa da kofinsa tana jin kunyar abin a ranta. Aka ce mata limfoma ba a ɗaukarta ta ci ko sha ko kwanciya. Ran nan ta koma cin abinci tare da shi. Gwajin hanta ya nuna tana da kariya, biyu daga cikin 'ya'yan kuma aka yi musu rigakafi.

Inda ake yanzu

An gama zagaye na shida a ƙarshen Mayun 2024. Bayan mako shida hoton CT ya nuna kaluluwar wuya da hammata sun koma daidai, saifa ta sace, sai wani ɗan ragowa a cikin ciki. Hoton PET ne ke iya bambance tabo da ciwo mai rai, kuma ba ya samuwa a yawancin asibitocinmu. Likitan ya zaɓi a sa ido. Da aka maimaita hoton bayan wata uku ragowar bai ƙaru ba, aka ɗauke shi a matsayin tabo.

Likitan bai ce masa ya warke ba, ya ce ba a ganin ciwon. Yawancin dawowar wannan nau'i cikin shekara biyun farko take faruwa, kuma wanda ya cika shekara biyu ba ta dawo ba, tsawon rayuwarsa yakan kusanci na tsaransa da ba su taɓa yin ta ba. Saboda haka duk wata uku yana zuwa a lalubi wuya da hammata da matsematsi da ciki, a gwada jini. Yana ci gaba da tenofovir, wanda ba a tsayar da shi sai da izinin likita, domin haɗarin tashin ciwon hantar yana nan har fiye da shekara bayan rituximab na ƙarshe. Vincristine ya bar masa dindiris a yatsu, maɓallin riga yana ba shi wahala. Gemu ya dawo. Ya rama azuminsa a lokacin sanyi, da yardar likita.

Sun kuma yi maganar abin da za a yi in ta dawo, shi ya buɗe ta. Likitan ya faɗa masa akwai kemo na biyu mai ƙarfi, akwai dashen ɓargo ga wanda jikinsa zai ɗauka, akwai kuma sabon maganin da ake sarrafa ƙwayoyin garkuwar mutum a mayar masa, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 2017, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan kowane gida a nan. Baba ya tara 'ya'yansa da Inna da Baffa ya faɗi nasa: in likita ya ga akwai dama ta gaske zai sake gwadawa sau ɗaya a nan gida Najeriya, ba za a sayar da gida ba, ba za a ci bashi don fita waje ba. In kuma babu dama, a nema masa maganin rage zafi ko da morphine ne, kada wani ya ce yana sa maye a hana shi, a bar shi a ɗakinsa. Babban ɗan bai ji daɗin sharaɗin fita wajen ba, har yanzu yana ganin in ta kama a sake magana. Baba ya ce ya ji, amma ba a canja ba sai shi ya canja. Ya wuce shekara guda da gama magani, ana jiran cikar ta biyu.